Yadda komanter ta koma gaba da labari a wayoyinmu

Yawancin labaran da ke iso mana a Maradi yanzu ba su zuwa su kaɗai. Kafin ka ga rahoton da ɗan jarida ya rubuta ka riga ka ji vokal, wato saƙon murya, na wani a gurup yana bayani yadda shi ya gane, ka ga kaptir, wato hoton allon waya, na kan labarin an zagaye wata kalma da jan layi, ka karanta komanter goma, wato sharhin da ake rubutawa a ƙasan labari, na mutanen da ransu ya riga ya ɓaci, to lokacin da za ka kai ga ainihin rahoton, in ma ka kai ɗin, ka gama yanke hukunci tun tuni. Abin da nake son in warware ke nan, yadda aka yi sharhi ya sha gaban labari, wa ke cin riba a ciki, wa kuma ke kwana a ciki in abu ya ɓaci. Don wallahi maganar ta wuce "yaran yanzu ba su da tarbiyya" da muke yawan rufe zancen da ita, manya ma suna ciki dumu-dumu.

A fara da aljihu. Buɗe rahoto cikakke yana cin mega, bidiyo na minti biyar ya fi ci, mutum ya sa forfe na dala ashirin ko arba'in a Airtel ko Moov ko Zamani yana lallaɓa shi ya kai shi dare, ga rezo yau akwai gobe babu, ga an ɗauke wuta waya saura kaɗan ta mutu. Wanda ke cikin wannan hali ba zai tsaya buɗe shafin jarida yana jiran ya hau ba, kan labarin da hoton da ke sama sun ishe shi, sai ya gangara ƙasa wurin komanter don can ne ake magana da harshen da yake ji. Wannan ya kawo mu ga abu na biyu wanda ya fi na farko nauyi, wato harshe. Sanarwar gwamnati, rahotannin kamfanin dillancin labarai na ƙasa ANP, jaridar Le Sahel, takardun gwamna da na perefe, galibi da Faransanci suke fitowa, alhali manyan da ke iya karatu da rubutu a ƙasar nan ba su wuce kamar kashi ɗaya cikin uku ba sosai. A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu takarda in ta fito sai an samu mai juya ta, kuma mai juyawar nan sau da yawa ba ɗan jarida ba ne, wani ne kawai mai waya da murya mai daɗi, da ra'ayinsa a cikin ransa.

Kar a ɗauka mu kaɗai ne da rashin buɗe labari. A 2016 masu bincike na jami'ar Columbia a Amurka tare da wata cibiyar bincike ta Faransa sun duba Twitter suka gano kusan kashi 59 cikin ɗari na adireshin labaran da ake turawa ba wanda ya taɓa danna su ya karanta. Can ma haka ake, masu karatu da intanet mai arha. Bambancinmu da su shi ne mu ko mun so mu koma ga tushe hanyar ta fi tsawo.

Bari mu bi labari guda mu ga yadda yake canja kama. A ce ƴan bindiga sun shiga wani ƙauye a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji da dare, abin da kowa ya san yana faruwa a bakin iyakar nan shekaru da dama. Ɗan jarida ya bugi mutum biyu uku ya rubuta cewa an tafi da mutane, ba a tabbatar da adadi ba tukuna, jami'an tsaro sun bi sawu. Wani mai shafi a Facebook ya ɗauki labarin, ya cire "ba a tabbatar ba" don ba ta jan ido, ya ɗora hoton wata gobara da ya samu can wani wuri don labari ba hoto ba ya tafiya. A ƙasa wani ya rubuta "ai ni na ji mutum talatin ne". Wani ya ce "da haɗin bakin mutanen gari". Wani ya ambaci ƙabila. Sai wani bawan Allah da ba ya nufin sharri ya karanta duka, labarin da komanter ɗin a haɗe, ya danna makirfo ya yi vokal na minti biyu zuwa gurup ɗin ƴan garinsu da ke Legas da Agadas da Libiya: "Salamu alaikum jama'a, labari ya iso mana yanzu yanzu, an kwashe mutum talatin, an ƙone garin, kuma an ce su wane ne suka nuna hanya." Ka ga a cikin vokal ɗin nan ba sauran alamar wane ɓangare ne ɗan jarida ya faɗa, wane ne mai komanter ya ƙara, duk sun narke sun zama "an ce". Mai ɗan'uwa a ƙauyen yana can Legas hankalinsa ya tashi yana ta bugun waya ba ta shiga, wanda aka ambaci danginsu kuma gobe zai shiga kasuwa ana kallonsa da wani ido, bai san ma me ya yi ba.

Wannan ba hasashe ba ne kawai, garin nan ya taɓa ganin irinsa da idonsa. A watan Yuni na 2019 lokacin da ake maganar dokar tsara harkokin ibada, wani rubutu ya yi ta yawo a wayoyi ana cewa shi ne abin da dokar ta ƙunsa, wani babban limami a unguwar Zariya ya soki dokar ranar Juma'a, aka kama shi, matasa suka fito suka ƙona tayoyi har aka cinna ma wata majami'a wuta. Da aka sake shi ya fito ya nemi afuwa, ya ce waɗanda suka fassara mishi takardar ne suka ɓatar da shi. Ka duba fa, malami ne mai karatu, mai jama'a, amma abin da ya iso hannunsa ba asalin ba ne. To ina ga mai kabu-kabu da ya tsaya a inuwa ya saurari vokal tsakanin fasinja da fasinja. A maƙwabta abin ya fi haka muni: a Yunin 2018 a jihar Filato an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na kisan da aka yi ne a ranakun, daga baya binciken BBC ya nuna wani bidiyon ma a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, amma kafin a gano haka an riga an tare hanya an kashe mutum 11.

To me ya sa komanter mai zafi ita ke hawa sama, mai hankali ta nutse ƙasa? Nan ne aikin na'ura ya shigo, kuma ya kamata kowa ya gane shi don ba sihiri ba ne. Facebook da TikTok da sauransu da talla suke cin abinci, talla kuma tana buƙatar ka daɗe kana kallon waya. Don haka tsarin da ke zaɓar abin da zai nuna maka ba ya tambayar gaskiya ne ko ƙarya, abin da yake aunawa shi ne mutum nawa suka tsaya, nawa suka yi magana, nawa suka yi partaje, wato suka tura ma wasu. A Janairun 2018 Facebook ya sanar da cewa zai riƙa fifita rubutun da ke jawo muhawara tsakanin mutane. Takardun cikin gida da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa tun 2017 alamomin nan na fuska, har da ta fushi, ana ƙirga kowace ɗaya kamar laik biyar, sai daga baya da suka ga ɓarnar suka rage nauyin ta fushin. Ma'ana in ka ga rubutun banza ka shiga ka zazzaga ma mai shi zagi, a wurinka ka hukunta shi, a wurin na'ura kuwa ka ba da shaida cewa rubutun yana da kasuwa, sai ta ƙara nuna ma mutum dubu. Masu shafuka da yawa sun san da haka sarai, shi ya sa za ka ga tambayoyi irin "tsakanin malam wane da malam wane wa ya fi ilimi", ko "matan gari kaza da na gari kaza su wa suka fi iya zaman aure", ba amsa suke nema ba, faɗan suke nema, musamman yanzu da ake biyan wasu masu shafi gwargwadon yawan masu kallo, ga kyaututtukan laif na TikTok.

Amma bai kamata mu ɗora ma na'ura laifin duka ba. Wani babban bincike da aka yi a jami'ar MIT aka wallafa a 2018 ya bi labarai kusan 126,000 a Twitter daga 2006 zuwa 2017, ya gano labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu tura shi da kashi 70 cikin ɗari, gaskiya kuma tana ɗaukar lokaci wajen ninki shida kafin ta kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba na'urori ne suka fi yaɗa ƙaryar ba, mutane ne, don ita ƙarya kullum sabuwa ce, tana zuwa da mamaki da tsoro, kowa kuma yana son a ce shi ya fara kawo labari. Wanda ya tuna watan Agustan 2014 lokacin Ebola ya san wannan, yadda cikin dare ɗaya aka tashi mutane a Najeriya da waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har wasu suka rasa ransu. Ba mugu ne ya bugo maka ba, ɗan'uwanka ne da ke tsoron kar ka mutu.

WhatsApp kuwa nasa daban ne, kuma a nan garin shi ne babba. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya jin abin da ke cikin vokal, don haka ba wani mai tacewa. Abin da suka iya yi shi ne rage gudu: a 2018 suka sa alamar da ke nuna saƙo turowa aka yi, a Janairun 2019 suka ce ba za ka tura ma fiye da wuri biyar a lokaci ɗaya ba, a Afrilun 2020 lokacin korona suka mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya tak. Duk wannan bai taɓa matsalarmu ba sosai, don mu ba turawa kawai muke ba, sake faɗa muke da bakinmu, sabon vokal kuwa ba ya ɗauke da wata alama, yana zuwa ne da muryar wanda ka sani ka yarda da shi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu ƴan bakin iyaka. Daga nan zuwa Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Katsina tafiyar ƴan awoyi ce, harshe ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, don haka shafukan Hausa da muke bi na kowa ne, ɗan Maradi da ɗan Kano da ɗan Kumasi suna ƙarƙashin rubutu ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyaka Najeriya ta yanke wuta, duk wanda ke shiga komanter ya ga yadda aka koma "ku ƴan Nijar" da "ku ƴan Najeriya" kamar ba a taɓa haɗa jini ba. Alhali a zahiri mutanen arewacin Najeriya ne suka fi kowa ƙin a kawo yaƙi, sanatocinsu sun fito sun ce a'a, Sanusi, wanda a lokacin tsohon Sarkin Kano ne, ya je Yamai a watan Agusta ya gana da Janar Tiani da ya karɓi mulki, tawagar malamai ma ta biyo baya. Amma in komanter kaɗai ka karanta a makonnin nan sai ka rantse al'ummar biyu sun raba gari. Masu rubutu a ƙasan labari ba su ne jama'a ba, ƴan kaɗan ne masu lokaci da mega da zafin kai, wasu ma da sunan bogi da hoton zaki ko na tuta, mutum ɗaya na iya riƙe akawun biyar. Mafi yawan mutane karantawa suke su wuce. Kuskure ne babba ɗan jarida ko ɗan siyasa ya leƙa nan ya ce "ga abin da talakawa ke cewa".

Sai maganar doka, wadda ita ce na ga matasa da yawa ba su san inda aka kwana ba. Nijar ta yi dokar yaƙi da laifukan intanet a watan Yulin 2019, kuma tun farko akwai ɗauri a cikinta kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai iya tayar da hankalin jama'a. A 2022 zamanin Bazoum aka gyara ta aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi aka bar tara. A watan Yunin 2024 hukumomin yanzu suka maido da ɗaurin: ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiya ko taɓa mutuncin ɗan Adam kuwa shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5, kuma ko da bayanin gaskiya ne. A sake karanta wannan na ƙarshen. Dokar ba ta ce sai ɗan jarida ba, ba ta ce sai mai mabiya dubu ɗari ba, layi biyu da ka rubuta a ƙasan rubutun wani ko vokal da ka saki a gurup sun isa, kuma abokin gardamarka da ke Kano ko Jamus ba wannan dokar ke kansa ba, kai da ke Bagalam ko Sabon Gari kai ne PJ, ƴan sandan binciken laifuka, za ta iya kira.

Wanda ke ganin komanter ba komai ba ce ya tuna shari'ar ƴar jarida Samira Sabou. A watan Mayun 2020 ta yi rubutu a Facebook kan binciken kuɗaɗen sayen kayan soja a ma'aikatar tsaro, ba ta ambaci sunan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ba, wani ne daban ya ambace shi a komanter a ƙasan rubutun. Aka kai ƙararta, aka kama ta ranar 10 ga Yuni, ta yi kwana 48 a tsare kafin kotu a Yamai ta sallame ta ranar 28 ga Yuli. Maganar wani ce ta kai ta kaso. Ban kawo wannan don in ce kamun daidai ne ba, kotu da kanta ta wanke ta, na kawo ne don a ga cewa abin da aka rubuta a ƙarƙashin sunanka yana iya bin ka har gida ko ba kai ka rubuta ba.

Ni dai ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da aka ɓata ma suna, ko yarinyar da aka saki hotonta aka yi mata ƙazafi har aurenta ya lalace, suna da haƙƙi, dole a samu inda za su kai kuka. Amma kalma irin "dagula zaman lafiya" tana da faɗi ƙwarai, kusan duk abin da bai yi ma mai iko daɗi ba zai iya shiga cikinta, kuma hukunta mutum kan gaskiya abu ne da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Sannan tsoro ba ya kashe jita-jita, wuri kawai yake canja mata. An katse intanet na waya kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024 kan rahoton wani hari da gwamnati ta ce ba haka ba ne. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan kafofi, ni ma ina da ƙorafi a kan wasu rahotanninsu, amma abin da ke biyo baya a fili yake: in mai suna da adireshi ya yi shiru, wanda ba shi da suna shi ke cika wurin. Magana ta bar Facebook inda ko ba komai wani zai iya fitowa ya ce ƙarya ne, ta koma gurup ɗin WhatsApp na mutum ɗari biyu da duk ra'ayinsu ɗaya.

Kuma a cikin gurup ɗin nan ne wahalar gyara take, musamman na dangi. Ka ɗauka kawunka, mutum mai girma wanda ya riƙe ka, ya turo bidiyo ya ce jiya aka yi wannan a hanyar Dakoro, kai kuma ka san bidiyon ka gan shi shekara biyu da suka wuce, ka lura ma lambar motar da ke ciki ba ta ƙasar nan ba ce. Gwaggo ta riga ta sa "innalillahi", yayye sun bi da addu'a. In ka rubuta "wannan ƙarya ne" a gaban kowa ka kunyata babba, gobe za a ce boko ya ɓata ka, in ka yi shiru bidiyon ya wuce gurup biyar kafin la'asar. Yawancinmu shirun muke zaɓa. Abin da na ga yana aiki shi ne ka bi shi ta gefe, ka buga mishi ko ka yi mishi vokal shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce "Kawu, Allah shi ƙara girma, bidiyon nan da aka turo maka ina jin an ruɗe ka ne, tsoho ne, duba lambar motar." Ka bar mishi hanyar da zai fito da kansa ya ce "jama'a an ce wancan ba na nan ba ne". Sau da yawa zai yi, don shi ma ba ya son a san shi da kawo ƙarya, abin da ba ya so shi ne yaro ya gyara shi a bainar jama'a.

A fada in an zauna shan shayi ana gardama, kana ganin fuskar wanda kake magana da shi, in ka wuce gona da iri wani zai taɓa ka ya ce kai ya isa, in babba ya zo wucewa a sassauta murya, kuma da an watse maganar ta watse. Mun ɗauko wannan bakin na fada mun shiga da shi wurin da ba fuska, ba mai taɓa ka, ba a kuma watsewa. Ko ka goge, wani ya riga ya yi kaptir. Shi ya sa za ka ga yaro mai ladabi wanda ba ya iya haɗa ido da sa'an babansa ya zagi malami ko basarake da kalmar da ba zai iya maimaita ta a gaban mahaifiyarsa ba. Mata sun fi kowa shan wannan, mace ta faɗi ra'ayinta kan tsadar hatsi ko makaranta, maimakon a amsa maganar sai a koma kan fuskarta da aurenta da "ina mijinki", da yawa sun bar magana gaba ɗaya saboda haka, kuma asara ce gare mu don su ne suka fi sanin abin da ke faruwa a asibiti da kasuwa da lakwal.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar musiba. Garin nan bai manta da Nuwamban 2021 ba, ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa, washegari gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a cikin gari yara sama da ashirin suka rasu. A irin wannan rana akwai uwar da ba ta riga ta sani ba, akwai uban da ke kan hanya. Duk wanda ya saki hoton gawa ko sunan mamaci kafin a sanar da gidansu don a ce shi ya fara, ya sani wataƙila ta hannunsa uwa za ta ji mutuwar ɗanta, a tsakiyar komanter na baƙi. Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Aya ta 6 a suratul Hujurati ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika kar a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, kuma hadisi ya zo a Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mun haddace su, muna ma tura su a gurup, sai dai ba mu cika ɗaukar danna partaje a matsayin "faɗa" ba, alhali shi ne.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar komanter gaba ɗaya, don na ga amfaninta. Rahoto ya ce an gyara hanya, mutumin da ke bin ta kullum da kaya ya rubuta cewa daga wuri kaza zuwa wuri kaza ba a taɓa ba, ga hoto na yau. Rahoto ya faɗi farashin buhun hatsi daga ofis, ƴar kasuwa ta ce a Tasawa ko Jiratawa ba haka aka sayar ba ranar kasuwa. An rubuta sunan ƙauye ba daidai ba ɗan garin ya gyara. An yi cigiyar yaro an same shi kafin magariba. Wannan sharhi ne na wanda ya gani, ya faɗi inda yake da lokacin da ya gani, ya tsaya iyakar abin da ya sani, kuma ƴan jarida na gari irin na gidajen rediyon garin nan da Studio Kalangou suna buƙatar irinsa don ba za su iya zuwa ko'ina ba. Matsalar ita ce irin wannan komanter ba ta tayar da faɗa, don haka na'ura ba ta ɗaga ta, sai ka gangara ƙasa sosai kafin ka same ta da laik biyu.

A nan ne nauyi ya koma kan masu shafuka da admin na gurup, waɗanda har yanzu da yawansu suna ganin aikinsu ya ƙare da sun saki labari. Facebook ya ba mai shafi damar maƙala komanter mai amfani a sama, ya ɓoye ta zagi, ya taƙaita masu iya magana a kan rubutu in abin ya shafi rasuwa ko rikici. WhatsApp ya ba admin damar goge saƙon kowa a gurup, ko ya rufe ya zama shi kaɗai ke turawa har ƙura ta lafa. Kayan aikin suna nan, kyauta. Mai shafin da ke da mabiya dubu hamsin ya saki labarin hari da ƙarfe goma na dare ya kashe waya ya kwanta, ya bar mutane ɗari biyar suna ambaton ƙabila da sunayen gidaje har asuba, ba zai ce shi labari kawai ya kawo ba. In kuma ya gano ya yi kuskure, gyaran ya fito a sabon rubutu da girman na farko, da Hausa, a yi shi da murya ma don ya shiga gurup ɗin da ƙaryar ta shiga, ba wai a lallaɓa a goge da dare a yi kamar ba a yi ba, don mutanen da suka ji na farkon suna nan da shi a wayoyinsu suna ci gaba da turawa.